Wa Zai Karɓi Haihuwata?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 22, muna zaune a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin bayan garin Kano. Cikina na fari ya cika wata huɗu, amma har yau ban fara awo ba, don an kasa tsayar da magana ɗaya a gidanmu. Hajiyar maigidana ta ce ungozomar da ta karɓi haihuwar 'ya'yanta tara tana nan da ranta, a ɗaki zan haihu kamar yadda kowa ya yi. Maigidana kuma wani sabon asibitin kuɗi da ke kusa da mu yake so, mai tsabta, babu layi, sai dai likitan namiji ne. Ni likita mace nake so, kuma ina tsoron asibitin gwamnati saboda cunkoso da tsawar da ake cewa nas-nas suna yi wa masu naƙuda. Abin da ke ƙara mini fargaba, Yayata da muke uwa ɗaya uba ɗaya ta yi jijjiga a haihuwarta ta fari, da ƙyar ta sha, ɗan bai zo da rai ba. Don Allah wa zan damƙa wa kaina?

Daga mai cikin fari, Kano.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba lafiya, ya nuna mana ranar suna.

Sau biyu na karanta takardarki, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda kika ajiye a ƙarshe, maganar Yayarki. Da ita zan fara don ta fi komai gaggawa. A makon nan nake so ki yanki katin awo, ko da ba a gama tsayar da inda za ki haihu ba. Kina iya fara awo a wuri ɗaya, daga baya ki ɗauki katinki da takardun gwajinki ki koma wani wuri, babu wanda zai ce kin yi laifi. Makonnin da ke wucewa ana ja-in-ja a tsakar gida su ne ba sa dawowa.

Ga dalilina. Jijjiga ba rana ɗaya take faɗo wa mace ba. Hawan jini ne na ciki yake fara shigowa, galibi bayan mako na 20, ya yi ta aiki a ɓoye, mace tana girkinta tana shararta ba ta jin komai. Ba a gane shi sai an ɗaura mata abin awo a dantse an ga ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, an kuma tsoma 'yar takardar gwaji a fitsarinta an ga ƙoda ta fara zubar da furotin. Cikin fari yana daga abubuwan da ke ƙara yiwuwar wannan ciwo. Samun uwa ko 'yar'uwa shaƙiƙiya da ta taɓa yin sa, shi ma haka. Ke kin haɗa biyun. Kada hankalinki ya tashi, mata da yawa masu irin tarihinki sun haihu sumul. Amma dole likita ya ji labarin nan da wuri, don akwai asfirin mai ƙaramin ƙarfi da ake ɗora irinku a kai, wani lokaci haɗe da ƙwayar kalsiyam, kuma ya fi amfani idan an fara shi kafin ciki ya kai mako 20. Ke yanzu kina wajen mako 17 ko 18, kin ga lokaci ya fara ƙurewa. Kada ki aika kemis a sayo miki. Likita ne zai duba ki ya ga ko ya dace da ke, ya kuma faɗi yawan da za ki sha. Ko ba a tambaye ki ba, a ranar farko ki buɗe baki ki ce, "Yayata ta yi jijjiga a cikin fari." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

To, mu dawo kan tambayarki. A wurin mutanenmu duk wanda ya sa farin kaya a asibiti likita ne ko nas, alhali aikin hawa-hawa ne. Akwai ungozomar gida irin ta Hajiya, wadda ta gaji sana'ar a hannun uwarta ko kakarta. Akwai ungozomar asibiti, wadda ta yi shekara uku a makarantar ungozoma, ko ta gama karatun nas ta ƙara wata 18 a kan karɓar haihuwa, kuma hukumar da ke kula da aikin nas da ungozoma a Najeriya ta ba ta lasisi. Akwai ma'aikatan lafiya na al'umma da ake samu a ƙananan asibitocin sha-ka-tafi, suna ƙoƙari ƙwarai, amma karatunsu a harkar haihuwa bai kai na ungozoma zurfi ba. Akwai likita na gama-gari, wanda ya yi shekara shida a jami'a, yana duba mai zazzaɓi da mai gyambon ciki da mai juna biyu duka. Sannan akwai likitan mata da haihuwa, wanda bayan wancan karatun ya ƙara wajen shekara biyar zuwa shida a asibitin koyarwa a kan wannan fanni kaɗai, har ya ci jarrabawar ƙwarewa. Allon da aka kafa a ƙofar asibiti ba zai gaya miki wanne ne a ciki ba, sai kin tambaya.

Kada kuma ki ɗauka ungozomar asibiti wata ƙaramar likita ce da ake haƙuri da ita don ba a samu babba ba. Cikin da yake lafiya, ɗa ɗaya, kai a ƙasa, jini daidai, aikinta ne, kuma ni a ganina ta fi likita iya shi. Ita ke zama da mace awa goma tana sauraron bugun zuciyar jariri, tana danna mata baya, ta san lokacin da za a ce "yi nishi" da lokacin da za a ce "dakata, ja numfashi." Ko a manyan asibitocin koyarwa, yawancin haihuwar lafiya a hannun ungozomomi take faɗowa, likita kuwa sai hanya ta karkace ake kiransa. Mai tarihi irin naki wuri take nema inda su biyun suke aiki a ƙarƙashin rufi ɗaya, dare da rana.

Na yi shekaru a ɗakin haihuwa kafin in ajiye aiki, kuma akwai daren da har yau in na ji ƙarar adaidaita sahu da tsakar dare sai ya faɗo mini a rai. Wajen ƙarfe uku saura aka shigo mana da wata yarinya, ba ta kai ki shekaru ba. Tun bayan isha'i ta haihu a gida, namiji, har an rangaɗa guɗa. Mabiyiya ta faɗo, sai jini ya ƙi tsayawa. Aka yi ta canza zani ana cewa jinin haihuwa ne, gara ya fita. Da aka ga idonta ya fara juyewa, sai aka tsaya jiran miji ya dawo ya ba da izini, sannan aka shiga neman abin hawa. Asibitin farko da suka je, mai kyan fenti, nas ɗaya ce a ciki, likitan yana gida, wayarsa a kashe. Ta ɗaura mata ruwa ta ce su yi gaba. Lokacin da ta iso gare mu tafin hannunta ya yi fari fat, jikinta sanyi ƙalau, bugun jininta da ƙyar yatsana ke jin sa. Leda huɗu ta jini aka ƙara mata kafin gari ya waye, biyu daga jikin ƙannen mijinta da aka tayar daga barci. Allah ya yi da sauran shan ruwanta. Amma da a hannunmu ta haihu, allura ce guda a cinya cikin minti ɗaya da fitowar jariri, da hannu a kan mara ana murza mahaifa har ta dunƙule, da ido a kan zanin da ke ƙarƙashinta. Da wuya abin ya kai inda ya kai.

Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu, kuma babu awon da zai gaya miki tabbas wace ce za ta zubar. A binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018, an samu cewa a kowace haihuwa 100,000 a Najeriya mata 512 ne ke rasa ransu, kuma haihuwa 43 kacal cikin 100 ce ƙwararren ma'aikacin lafiya yake karɓa. Arewa maso yamma tana daga inda wannan kason ya fi ƙanƙanta. Shi ya sa ni ba na auna asibiti da yadda yake ƙarfe goma na safe. Da ƙarfe biyun dare nake auna shi.

Don haka ki roƙi maigida ku je sabon asibitin nan tare, a matsayin masu neman bayani. Kada tayil da sanyin ɗaki su ɗauke muku hankali. Ki tambaya: in naƙuda ta kama ni da tsakar dare, wa zan tarar? Ungozoma ce mai lasisi ko 'yar koyo? Likitan a nan yake kwana ko kiransa ake yi, kuma in an kira shi minti nawa yake ɗauka? Shi ƙwararren likitan mata ne ko na gama-gari? In ta kama a yi aiki, a nan ake yi, kuma wa ke yin allurar kashe zafi ko ta barci, yana kusa? Aikin haihuwa nawa suka yi a watan jiya? In ana buƙatar jini, suna da ma'ajiyarsa ko sai an tura mutum cikin gari da leda a hannu?

Sai abu biyu da nake so ki rubuta a takarda ki tafi da su. Na farko maganisiyam salfet, ita ce allurar da ake tsayar da jijjiga da ita, ake kuma hana ta zuwa in jini ya hau sosai. Ba ta da tsada, amma wurin da babu ita a ɗakin haihuwa ba wurinki ba ne, ko da gadon zinariya suke kwantar da mutane a kai. Na biyu oksitosin, allurar nan ta cinya da na ambata. Sanyi take so, a firji ake ajiye ta, zafi yana rage mata ƙarfi. Ke kin san yadda Kano take a watan Afrilu, kin kuma san halin wutarmu. Ki ce a nuna miki inda suke ajiye ta. Ni da idona na sha ganin kwalinta a kan tebur kusa da taga, rana na dukansa, kuma irin wannan in an yi wa mace, sunan an yi allura ne kawai. In kika ga firji yana aiki, da sola ko janareto a bayansa, kin ga alamar mutanen da suka san abin da suke yi.

Ki kuma tambayi yadda suke auna jinin da mace ta zubar. Ido yana ruɗi, musamman in jini ya shige cikin zani da katifa. Akwai wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace bayan jariri ya fito, jinin ya taru a aljihunta, layi ya nuna in ya kai rabin lita. An gwada ta a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, aka fitar da sakamakon a 2023: inda aka yi amfani da ita, aka kuma haɗa magungunan tsayar da jini a lokaci guda maimakon a bi su ɗaya bayan ɗaya, mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin aikin, abin alfaharinmu ne. Ba ko'ina ledar ta kai ba tukuna, amma ungozomar da ta san da zancenta ta nuna miki tana bibiyar sana'arta.

Kada ki manta da jaririn. In ya fito bai yi kuka ba, minti na farko shi ne komai. Suna da 'yar robar nan ta busa wa jariri iska, kuma ta dare ta iya amfani da ita? Akwai iskar oksijin? In bakwaini ne, suna da kwalba ko ina suke turawa, kuma da wace mota? Daga nan ku ɗaga kai ku duba bango. A Kano akwai hukumar PHIMA mai yi wa asibitocin kuɗi rajista, kuma ta sha rufe waɗanda ba su cika ƙa'ida ba. Ku nemi ganin takardar rajistarsu da lasisin likitan.

Wurin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ni wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai cewa, "Hajiya kada ki damu, komai muna yi a nan." Wanda ya ce miki, "Iyakacinmu ke nan, in abu kaza ya faru ga inda muke turawa, ga motar," wannan zan iya ba shi amanar 'yata. Yawancin matan da muka rasa a ɗakin haihuwa, an riƙe su ne a wani hannu har lokaci ya wuce, don mai riƙon ya ji kunyar cewa abin ya fi ƙarfinsa, ko ya ji nauyin sakin kuɗin da ya riga ya karɓa.

In sabon asibitin ya ci wannan jarrabawa, kuma aljihun maigida zai ɗauka har da kuɗin aiki in ta kama, to kusancinsa da gida babbar riba ce, ki yi awonki a can. In bai ci ba, ki nufi babban asibiti mai sashen haihuwa da ɗakin tiyata da jini, irin Asibitin Murtala, ko na Nasarawa, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya fi kusa da ku. Tunda a bayan gari kuke, maigida ya gwada hanyar da agogo, sau ɗaya da dare, sau ɗaya a lokacin cunkoso. In tafiyar ta yi nisa, ki shirya komawa gidan 'yan'uwa na kusa da asibitin idan wata tara ya kama. Dama al'adarmu ta goyon ciki ta tanadi haka ga mai cikin fari. Ku kuma san wuri na biyu, don yajin aiki ba ya sallama.

Bayan wuri, sai mutum. A zuwa biyu ko uku za ki gane hannun da kika faɗa. Ki lura: ana auna jininki kowane zuwa, ana kuma gaya miki lambar, ko kuwa rubutawa kawai ake yi a rufe kati? Ana gwada fitsari? Ana sa tef daga ƙashin mara zuwa saman ciki, ana sauraron zuciyar jariri? A farkon zuwa ya kamata a duba yawan jininki da rukuninsa, da sikila, da suga, da cutar ƙanjamau da ciwon hanta. In rukunin jininki mai alamar ragi ne, wato negetif, akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin gaba, gara a sani tun yanzu a tanade ta. Za a ba ki maganin ƙarin jini, da allurar tetanus, da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata, ki kuma kwana a gidan sauro. Hoton ciki ɗaya kafin mako 24 yana da muhimmanci don a tabbatar da kwanakin ciki da yawan 'ya'yan. Wanda zai riƙa tura ki hoto duk zuwa ba tare da ya faɗi dalili ba, ki tambaye shi dalilin. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da zuwa awo aƙalla sau takwas maimakon huɗu, kuma yawancinsu a watannin ƙarshe suke, daidai lokacin da hawan jini ya fi yin sallama. In kin yi tambaya aka dube ki aka amsa da Hausar da kika gane, ki riƙe wannan matar, ki san sunanta, ki san ranakun aikinta.

Maganar likita mace, na fahimce ki sarai, kuma haƙƙinki ne ki nema. Kano tana da ƙwararrun likitocin mata mata, a ranar yankar kati ki faɗi abin da kike so. Ɗakin haihuwa kuwa kusan duk mata ne a ciki. Sai dai ina so ku zauna da maigida ku yanke tun yanzu cewa in larura ta zo, kuma namiji ne a bakin aiki, ba za a tsaya jira ba. Malamanmu sun yi bayani cewa larura tana halatta wannan, ceton rai yana gaba. Kina da damar cewa nas mace ta tsaya a wurin duk lokacin da zai duba ki, a kuma rufe miki jiki in ban da inda ake dubawa.

Tsawa kuma, ba zan ce miki ƙarya ake yi ba. Tana faruwa, kuma ba daidai ba ce. Na ga ungozoma ɗaya a kan mata shida masu naƙuda a dare guda, gajiya ta cinye ta, amma gajiya ba ta halatta a ci mutuncin macen da ke tsakanin rai da mutuwa. Abin da na gani yana rage ta shi ne sabo: wadda ta yi awo a wurin, aka san fuskarta, katinta a cike, kayan haihuwarta a haɗe, karɓar da ake yi mata daban ce da ta wadda aka kawo ranga-ranga ba a san komai nata ba. Ki tambaya ko suna barin mace ɗaya daga gida ta zauna da ke, don Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana ƙarfafa hakan. In an ci zarafinki, kowane ɗaki yana da shugabar nas, ku kai mata ƙara. Amma kada tsoron baƙar magana ya zaunar da ke a inda babu jini babu allura.

Saura Hajiya, kuma a nan nake so ki yi taka-tsantsan. Matar da ta haifi tara a ɗaki ta rayu, ba da ƙiyayya take magana ba, abin da ta gani take faɗa. Ke ba za ki yi musu da ita ba, ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ba za ki ci riba ba. Ɗanta ne zai same ta shi kaɗai, a lokacin da ranta yake sanyi, ya ba ta labarin Yayarki, ya ce mata ciwon nan yana bin jini, kuma ungozomar gida komai ƙwarewarta ba ta da abin auna shi balle allurar tsayar da shi. Ya roƙe ta ita ta raka ki awo ko sau ɗaya, ta ji daga bakin malamar asibiti. Na sha ganin surukar da ta shigo da ɗaurarriyar fuska ta fita tana yi wa 'yan awo faɗan su riƙa shan magani. Ita ma tsohuwar ungozomar kada a watsar da ita. A gaishe ta, a yi mata alheri, ta raka ki ranar haihuwa in ta yarda, in kun dawo gida ta karɓi wankan jariri da kula da mai jego. Abin da za a roƙe ta shi ne kada a ba ki jiƙe-jiƙen saurin naƙuda, kada a kusance ki da aska da sunan yankan gishiri, cibiya kuma a shafa mata man da asibiti suka bayar kawai. Kuma duk wanda ya ce zai zo gida ya ɗaura miki ruwan naƙuda, ko da farin kaya ya zo, kada ki yarda. Ruwan nan in ba a auna shi ana sa ido ba yana iya fasa mahaifa. Doguwar naƙuda a ɗaki ita ce ta cika cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala da asibitin Babbar Ruga a Katsina da mata masu yoyon fitsari, da yawansu a cikin fari abin ya same su.

Ko bayan haihuwa ki sa ido a kan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta. Mai fargabar hawan jini kanwa ba abokiyarta ba ce, kuma jijjiga tana iya zuwa har bayan an sauka.

Shi kuma maigida, ki karanta masa wannan sashen. Malam, aikinka ya wuce biyan kuɗi. Ka faɗa a gaban Hajiya da duk mutanen gida cewa ka ba da izini tun yau, in wani abu ya taso a tafi da ita ko kana nan ko ba ka nan. Ka samu mai adaidaita sahu ko maƙwabci mai mota guda biyu da suka yarda a tashe su da dare, ka sa lambobinsu a wayarta. Ka san rukunin jininta, ka nemo mutum biyu ko uku cikin 'yan'uwa da za su iya bayarwa. Ka riƙa ware wani abu duk wata wanda ba a taɓawa. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa hali aikin haihuwa kyauta a asibitocin da aka ware, don haka ka tambayi asibitin da kuka zaɓa ko suna cikin shirin da kuma sharuɗɗansa, ka kuma bincika tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. In likita ya ce aiki za a yi, ka nemi bayani, ka sa hannu, kada a ɓata awa guda ana buga waya ƙauye ana neman shawara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙanwata, daga yau har ki yi arba'in, in kin ji ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ko kika ga walƙiya-walƙiya ko duhu a idonki, ko zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko fuska da hannu suka kumbura farat ɗaya har zobe ya matse, ko kika ga jini ko da kaɗan ne kafin haihuwa, ko faya ta fashe babu naƙuda, ko motsin ɗan ya ragu, ko zazzaɓi ya rufe ki, babu jiran ranar awo, babu jiran gari ya waye.

Kafin ki tafi yankar kati, ki kira Yayarki ki tambaye ta a hankali, don tabon yana nan: a wane wata jininta ya fara hawa, me ta fara ji, kwana nawa ta yi a asibiti. Ki rubuta ki kai wa likita. Ki fita da sassafe, ki karya kumallo, ki riƙe gorar ruwa, don ranar farko tana da tsawo. In kin dawo ki aiko mini da lambobi biyun nan da aka samu a awon jininki, da amsar da suka ba ku a kan firji. Ki gaida Hajiya.